Yadda ake mayar da yiwuwa zuwa rinjayen aukuwa da rinjayen rashin aukuwa

Idan namiji da mace dukkansu suna da rukunin jini na AS, likita zai gaya musu cewa yiwuwar su haifi ɗa mai cutar sikila kashi ɗaya ne cikin huɗu a kowane ciki. Wani ma'aikacin lafiya kuma yana iya cewa lamarin ɗaya ne ga uku. Wanda bai saba da lissafi ba zai zaci ɗayansu ya yi kuskure, tunda ga huɗu ga uku, alhali kuwa gaskiya guda suka faɗa ta hanyoyi biyu. Likitan ya auna hanyar da abin zai auku da jimillar hanyoyin da ake da su, wannan ita ce yiwuwa. Ma'aikacin lafiyar kuwa ya auna hanyar da abin zai auku da hanyoyin da ba zai auku ba, ya ɗora wannan ɓangare a kan wancan, kuma wannan awo shi za mu kira rinjaye. Idan aka fara ambaton ɓangaren aukuwa, an sami rinjayen aukuwa, wanda a nan ake rubuta shi 1:3, a karanta shi "ɗaya ga uku". Idan aka fara da ɓangaren rashin aukuwa, an sami rinjayen rashin aukuwa, wato 3:1.

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san wannan bambanci ko da bai san sunansa ba. Idan mamaci ya bar ɗa namiji guda da 'ya mace guda, ana cewa namiji yana da rabon mata biyu, wato biyu ga ɗaya, amma babu malamin da zai ce saboda haka macen ta sami rabin dukiyar da za a raba tsakaninsu. Sai an haɗa biyu da ɗaya an sami kashi uku, sannan ta ɗauki sulusi, ɗan'uwanta ya ɗauki sulusi biyu. "Biyu ga ɗaya" awon ɓangare ne da ɓangare, "sulusi" kuwa awon ɓangare ne da jimilla, kuma aikin da ke gabanmu bai wuce sanin yadda ake tashi daga ɗayan a koma ɗayan ba.

Mataki na farko: a fayyace abin da ake magana a kansa da kishiyarsa

Kafin a taɓa kowace lamba, wajibi ne a faɗi abin da ake nufi da aukuwa a cikin jimla guda da ba ta da harshen damo, domin duk abin da bai shiga cikin jimlar ba ya faɗa ɓangaren rashin aukuwa. A nan ne masu bin wasan ƙwallon ƙafa suka fi tuntuɓe. A ɗauka an ƙiyasta cewa yiwuwar wata ƙungiya ta yi nasara kashi 50 ne cikin ɗari, yiwuwar a tashi canjaras kashi 30, yiwuwar a doke ta kashi 20. Mai gaggawa zai ce rinjayen nasararta 50 ne ga 20, wato 5:2, saboda a tunaninsa kishiyar nasara ita ce shan kaye. A lissafi kuwa kishiyar nasara ita ce rashin nasara, wadda ta ƙunshi canjaras da shan kaye gaba ɗaya, don haka 50 ne ga 50, wato 1:1. Idan ɓangarorin biyu da aka rubuta ba su haɗu sun cike jimillar ba, to an zubar da wani abu a hanya.

Mataki na biyu: a rubuta yiwuwar da lambar sama da lambar ƙasa

Yiwuwa tana zuwa da kamanni uku: ko dai a matsayin lamba bisa lamba kamar 3/8, ko da ɗigo kamar 0.375, ko kuma kashi cikin ɗari kamar kashi 37.5. Wadda ta fi sauƙin aiki ita ce ta farko, saboda lambar sama tana nuna hanyoyin aukuwa, lambar ƙasa tana nuna jimillar hanyoyi, sauran aikin kuma cirewa ne kawai. Idan da kashi cikin ɗari aka kawo ta, sai a ɗora lambar bisa 100, kashi 70 ya zama 70/100. Idan da ɗigo aka kawo ta, sai a ƙirga lambobin da ke bayan ɗigon, a rubuta ɗaya da sifiri daidai yawansu a ƙasa: 0.6 ya zama 6/10, 0.35 ya zama 35/100, 0.375 ya zama 375/1000.

Wani lokaci ba a ba mutum yiwuwar ba, sai dai a bayyana masa yanayi a bar shi ya ƙirga da kansa, kuma a nan akwai sharaɗin da ba a tsallakewa: hanyoyin da ake ƙirgawa dole su kasance babu wadda ta fi wata damar fitowa. Ƙwayar ludo guda tana da fuska shida da suka yi daidai, don haka yiwuwar samun shida sudusi ce, 1/6. Amma idan aka jefa ƙwaya biyu aka tambayi yiwuwar jimillarsu ta zama bakwai, kuskure ne a ce jimillolin da za su iya fitowa goma sha ɗaya ne, daga biyu zuwa sha biyu, saboda haka 1/11. Jimillolin nan ba su yi daidai ba. Hanya guda ce kawai ke ba da biyu, wato ɗaya da ɗaya, alhali hanyoyi shida ne ke ba da bakwai: ɗaya da shida, biyu da biyar, uku da huɗu, da kuma juyin kowannensu. Abin da ya yi daidai shi ne haɗe-haɗe 36 da ake samu idan an ninka fuska shida sau shida, don haka yiwuwar 6/36 ce.

Mataki na uku: a cire lambar sama daga lambar ƙasa

Abin da ya rage bayan cirewar shi ne yawan hanyoyin rashin aukuwa. A misalin ƙwaya biyu, an cire 6 daga 36 saura 30. A misalin sikila, an cire 1 daga 4 saura 3. A yiwuwar 3/8, saura 5. Wanda ya fi son aiki da ɗigo yana iya cire yiwuwar daga ɗaya kai tsaye, 0.375 daga 1 saura 0.625, amsar ba za ta sauya ba.

Mataki na huɗu: a jera lambobin biyu bisa abin da aka tambaya

Rinjayen aukuwa shi ne hanyoyin aukuwa, ɗigo biyu, sannan hanyoyin rashin aukuwa. Rinjayen rashin aukuwa kuwa juyinsa ne. Ga yiwuwar 3/8, rinjayen aukuwa 3:5 ne, na rashin aukuwa 5:3. Ga masu son ƙa'ida a taƙaice, idan harafin y yana wakiltar yiwuwa, rinjayen aukuwa shi ne y a raba da abin da ya rage idan an cire y daga ɗaya, wato y/(1 − y), na rashin aukuwa kuma (1 − y)/y.

Yawancin makin da ɗalibai ke asara a wannan darasi a wannan mataki suke zubewa, kuma ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗauki lambar sama da lambar ƙasa a sa ɗigo biyu tsakaninsu ba tare da cirewa ba, a mayar da 1/4 ya zama 1:4. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin 1:4 yana nufin hanya ɗaya ta aukuwa da huɗu na rashin aukuwa, jimilla biyar, wato humusi ke nan ba rubu'i ba. Ta biyu ita ce a yi lissafin daidai amma a jera lambobin a juye, a ba da 3:5 alhali rinjayen rashin aukuwa aka nema. A ganina maganin wannan shi ne mutum ya saba da rubuta kalmar "aukuwa" a saman lamba guda da "rashi" a saman ɗayar kafin ya jera su, sannan ya tambayi kansa ko amsar ta dace da hankali. Abin da yiwuwarsa ba ta kai rabi ba, lambar farko a rinjayen aukuwarsa dole ta fi ta biyu ƙanƙanta. Abin da ya wuce rabi, lambar farko ce za ta fi girma. Idan yiwuwar rabi ce cif, kamar sulallan da alƙalin wasa ke jefawa kafin a take ƙwallo, rinjayen 1:1 ne ta kowace fuska.

Mataki na biyar: a rage lambobin zuwa mafi ƙanƙanta

Ana neman lamba mafi girma da za ta raba su biyun ba tare da saura ba. Shida ga talatin, idan aka raba kowanne da shida, ya koma 1:5. Idan masu hasashen yanayi suka ce yiwuwar a yi ruwa gobe kashi 70 ne cikin ɗari, 70:30 ya koma 7:3, rinjayen rashin ruwan kuma 3:7. Ga 375:625, lambar da ke raba su ita ce 125, sai a sami 3:5, daidai da abin da aka samu daga 3/8 tun farko. Idan ɗigo ya maƙale a cikin lambobin, kamar kashi 12.5 da ke ba da 12.5:87.5, sai a fara ninka kowanne sau goma a sami 125:875, sannan a raba da 125 a sami 1:7, wanda ya nuna cewa yiwuwar tun asali sumuni ce.

Akwai tarko a lambobin da aka yanke musu wutsiya. Sulusi idan aka rubuta shi da ɗigo ukun ba ta ƙarewa, sai mutane su tsaya a 0.33. Wanda ya yi aiki da 0.33 zai sami 33:67, lambobin da ba sa raguwa, alhali amsar gaskiya 1:2 ce. Saboda haka duk inda aka san ainihin lamba bisa lamba, da ita ya kamata a yi aiki, a bar ɗigo sai ƙarshe.

Mataki na shida: a koma baya domin tantancewa

Hanyar komawa daga rinjaye zuwa yiwuwa ita ce a haɗa lambobin biyu, jimillar ta zama lambar ƙasa, lambar aukuwa ta zauna a sama. Daga 3:5, uku da biyar takwas, yiwuwar 3/8. Idan abin da aka samu bai dawo da yiwuwar da aka fara da ita ba, akwai kuskure a wani mataki.

Wannan komawar tana da amfani fiye da duba amsa, domin alƙaluma da yawa da ake karantawa a rahotanni rinjaye ne ba yiwuwa ba, ko da ba a faɗa ba. Masana ƙidayar jama'a sun daɗe da lura cewa a yawancin ƙasashen duniya ana haifar yara maza kimanin 105 a kan kowaɗanne mata 100. Wannan 105:100 ne, ko 21:20 idan an rage, kuma yiwuwar jaririn ya zo namiji ita ce 105 bisa 205, wato kimanin kashi 51.2 cikin ɗari. Haka nan a farkon kakar 2015/2016 ta gasar Firimiya ta Ingila, kamfanonin caca na can sun sa 5000 ga 1 a kan Leicester City za ta ɗauki kofi, kuma ta ɗauka a ƙarƙashin kocinta Claudio Ranieri. Al'adar Ingila ita ce a fara da ɓangaren rashin aukuwa, don haka 5000:1 rinjayen rashin aukuwa ne, yiwuwar da yake nunawa kuma 1 bisa 5001 ce, kimanin 0.02 cikin ɗari. Wanda bai lura da wane ɓangare aka fara ambata ba zai karanta lambar a juye ya ɗauka nasarar tabbas ce.

Idan abin ya ƙunshi gwaji fiye da ɗaya

Ba a ninka rinjaye da rinjaye domin samun rinjayen abubuwa biyu su auku tare. Yiwuwa ake ninkawa, sannan a mayar da sakamakon zuwa rinjaye a ƙarshe. Mu koma kan ma'auratan nan masu AS, a ce suna son sanin rinjayen su haifi 'ya'ya huɗu babu mai sikila ko ɗaya. Kowane ciki zaman kansa yake yi, abin da ya faru a na farko ba ya rage wa na biyu komai kuma ba ya ƙara masa, don haka zancen da ake yi cewa idan an haifi mai sikila guda to ukun da ke biye sun tsira ba shi da tushe. Yiwuwar ciki guda ya kuɓuta 3/4 ce. Idan aka jera ta sau huɗu aka ninka su da juna, uku sau uku sau uku sau uku 81, huɗu sau huɗu sau huɗu sau huɗu 256, an sami 81/256. An cire 81 daga 256 saura 175. Rinjayen dukkan huɗun su kuɓuta 81:175 ne, rinjayen a sami aƙalla mai sikila guda kuwa 175:81, wato ya ɗan haura biyu ga ɗaya. Ga wanda ya ji "uku ga ɗaya ba za a samu ba" a ciki guda ya kwantar da hankalinsa, wannan lamba ta biyu ita ce ta fi kusa da abin da iyali mai yawan haihuwa zai fuskanta.

Irin wannan lissafi ne a tambayar da masu jefa ƙwaya na Faransa suka yi ta muhawara a kanta a ƙarni na 17, zamanin da ɗaya daga cikinsu, Chevalier de Méré, ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal matsalolinsa, Pascal kuma ya yi musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Pierre de Fermat, a 1654, wasiƙun da ake ɗauka a matsayin tushen ilimin yiwuwa na zamani. Tambayar ita ce ko za a sami shida aƙalla sau ɗaya a jifa huɗu, abin da duk mai jiran fitar da ɗansa daga gida a ludo yake son sani. Yiwuwar rashin shida a jifa guda 5/6 ce, a jifa huɗu 625/1296, don haka hanyoyin samun shida 671 ne, rinjayen aukuwa kuma 671:625. Rinjaye ne siriri, amma yana ɓangaren samu.

Inda rinjaye da yiwuwa suke rabuwa

Yiwuwa ba ta ƙasa da sifiri kuma ba ta wuce ɗaya. Rinjaye kuwa, idan aka raba lambar farko da ta biyu aka mayar da shi lamba guda, yana farawa daga sifiri ya yi ta hawa ba iyaka. Yiwuwar 0.5 tana ba da 1, ta 0.9 tana ba da 9, ta 0.99 tana ba da 99, ta 0.999 tana ba da 999. Idan abin tabbas ne, ana iya rubuta 1:0, amma ba a iya mayar da shi lamba guda saboda ba a rabawa da sifiri. A ɗaya gefen, idan abin ba kasafai yake aukuwa ba, awon biyu sukan kusan haɗewa: yiwuwar 1/1000 rinjayenta 1:999 ne, bambancin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan yana da muhimmanci ga mai karanta labaran binciken lafiya, domin masu bincike sukan ba da sakamakonsu ta hanyar kwatanta rinjayen rukuni biyu, mai ba da labari kuma ya juya shi zuwa "haɗarin ya ninka". A ce yiwuwar kamuwa da wata cuta a wani rukuni kashi 40 ne cikin ɗari, rinjayen 2:3 ke nan. Idan rinjayen ya ninka sau biyu a wani rukunin, ya zama 4:3, wanda yiwuwarsa 4/7 ce, kimanin kashi 57. Ba ta kai kashi 80 da ninkin yiwuwar zai bayar ba. Sai a cutar da ba ta yaɗu ba ne ninkin rinjaye yake kusan zama ninkin yiwuwa.

Ya kamata kuma a bambanta rinjaye na lissafi da lambobin nan masu ɗigo, irin 1.90 ko 2.50, da ake gani a tallan cacar ƙwallo. Waɗannan farashi ne da kamfani ya yanka, suna nuna abin da zai biya a kan kowace naira haɗe da uwar kuɗin, kuma idan aka raba ɗaya da lambar ana samun yiwuwar da farashin yake nunawa. A wasan da ke da sakamako biyu kacal da suka yi daidai, farashin adalci 2.00 ne ga kowane ɓangare, amma idan kamfani ya sa 1.90 da 1.90, kowanne yana nuna kimanin kashi 52.6, jimilla ta haura 105 cikin ɗari. Tunda yiwuwar gaskiya ba ta wuce ɗari, rarar nan ita ce ribar da kamfani ya riga ya cire wa kansa kafin a fara wasa. Ban da hanin da addini ya yi wa caca, lissafin kansa yana nuna wanda aka tsara abin ya amfana.

Dalilin da ya sa likitoci suke son rinjaye

Mai karatu yana iya tambayar amfanin wannan wahala tunda yiwuwa ta wadatar. Amsar ita ce akwai aikin da rinjaye ke yi da ninkawa guda wanda yiwuwa sai ta zagaya, wato sabunta ƙiyasi bayan samun sabuwar shaida. A ɗauka, domin misali kawai, cewa mutum ɗaya cikin goma na masu zuwa wani asibiti da wasu alamomi yana ɗauke da wata cuta, rinjayen aukuwa 1:9 ke nan. A ɗauka kuma akwai gwajin da ke gano cutar a jikin 90 cikin ɗari na masu ita, amma yana nuna ta bisa kuskure a jikin 10 cikin ɗari na marasa ita. Ƙarfin shaidar gwajin shi ne 90 a raba da 10, wato 9. Idan sakamakon wani ya nuna akwai cutar, sai a ninka ɓangaren aukuwa da wannan ƙarfi: ɗaya sau tara, rinjayen ya koma 9:9, wato 1:1, yiwuwar kuma rabi.

Mutane da yawa za su zaci amsar kashi 90 ce, don haka yana da kyau a tabbatar da ita ta hanyar ƙirga kawuna. A cikin mutum 1000, masu cutar 100 ne, gwajin zai kama 90 daga cikinsu. Marasa cutar 900 ne, gwajin zai yi kuskure a kan 90 daga cikinsu. Waɗanda sakamakonsu ya nuna cuta 180 ne, rabinsu ne kawai suke da ita. Idan aka sake wani gwaji na daban mai ƙarfi iri ɗaya, wanda kuskurensa ba shi da alaƙa da kuskuren na farko, shi ma ya nuna cutar, sai a sake ninka ɓangaren aukuwa na 1:1 da tara a sami 9:1, a haɗa tara da ɗaya a sami goma, yiwuwar ta zama 9/10.